Gembu da Tsaunin Mambila: Yadda Mararraba ta Zama Ƙarshen Hanya

Duk wanda ya tashi daga Jalingo da nufin zuwa Gembu, ya bi ta Bali, ya wuce Serti, har ya iso Mayo Selbe inda ƙasar zafi ta tuƙe, to, a nan ne zai ɗaga kai ya ga abin da ya shiga tsakanin mutanen Mambila da kwarin Binuwai tun kafin a san da wata ƙasa mai suna Nijeriya, wato wani gagarumin dutse wanda hanya take hawa a karkace, kwana bayan kwana, mota tana nishi fasinja suna salati, har a kai Maisamari, inda iska take sakewa farat ɗaya, mutum ya shiga laluben rigar sanyi alhali kuwa ɗazu gumi yake sharcewa. Daga nan sai tuddai masu lulluɓe da ciyawa iyakar ganin ido, da shanu warwatse a kansu, da layukan itacen turare, har a wuce Nguroje a gangara Gembu, wanda Mambilawa suke kira Bommi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba. Galibin tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, kuma a gefensa na arewa maso gabas, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, akwai Cappal Waddi mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya duka. Kogin Donga daga nan ya samo asali, yana ratsawa ta ƙarƙashin garin kafin ya faɗa gangare ya nufi Binuwai.

Ma'aikacin gwamnati in aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Gembu, sau da yawa 'yan'uwansa jaje suke yi masa, suna cewa an kai shi bangon duniya, kuma mutane sun ɗauka cewa wannan nisa halitta ce kawai, duwatsu ne suka jawo shi. Lalle duwatsu suna da nasu rabo a cikin al'amarin. Amma wanda ya bi tarihin wurin da natsuwa zai tarar cewa rabon 'yan Adam ya fi yawa, domin tsaunin nan ta arewa da yamma ne yake da wuyar hawa, ta kudu kuwa tuddansa haɗe suke da na ƙasar Bamenda, ta gabas kuma Banyo ba ta da nisa. Can ne fuskarsa take duba tun azal, can ne kasuwanninsa da surukansa da abokan gabansa suke, sai da aka zo aka ja iyaka ta bayansa, aka ce ya juyo ya dubi Yola, daga baya Jalingo, ta kan hanya guda ɗaya tak.

Mambilawa, waɗanda su ne aka tarar a wurin, ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba a zamanin da. Kowane ƙauye da dattawansa da mai kula da al'adunsa, harshensu ma ya rarrabu ƙwarai, har mutumin wannan kwari yakan sha wahala kafin ya fahimci na wancan. Manoma ne na haƙiƙa, masu dawa da gwaza da ayaba, daga baya masara ta zo ta mamaye gonakinsu, kuma suna da wata hikima wadda ta cancanci a rubuta ta: in gona ta gaji, sai su shuka mata majimfa su bar ta, itacen ya mayar wa ƙasa ƙarfinta, su sare shi su yi makamashi, su koma noma, ba tare da sun san wani abu wai shi takin zamani ba. Suna da maƙera, suna da masassaƙa waɗanda gumakansu da fuskokin dodanninsu yau suke ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, suna kuma da duba irin nasu da gizo-gizon rami, wanda ake zuba wa ganyaye masu alamomi a bakin raminsa, a dawo a karanta yadda ya birkita su. Aure a wurinsu iri biyu ne, akwai na sadaki, akwai na musaya, inda gida zai ba da 'ya ya karɓi 'ya, wanda Turawan mulki suka hana daga baya. Baturen nan C. K. Meek ya rubuta labarinsu a littafinsa na 1931 game da ƙabilun Nijeriya ta Arewa, wani kuma mai suna Farnham Rehfisch ya zauna a Warwar a 1953 ya nazarci zamansu.

Abin da ya fara girgiza wannan zama shi ne kafuwar daular Fombina, wato Adamawa. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1809, sai ardo-ardon Fulani suka yi ta kutsawa kudu suna kafa garuruwa, har Hamman Gabdo, wanda gidansu yake Konca, ya kafa mulki a Gashaka da Banyo, watau ya tsare tsaunin Mambila ta arewa da gabas. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara mahayan Banyo suka riƙa hawa tsaunin suna kai hari, suna kama mutane, waɗansu a bar su a rumada, waɗansu a aika da su Yola cikin gaisuwar shekara, waɗansu a sayar. Ƙauyuka da yawa suka watse, waɗansu suka miƙa wuya suna biyan jizya, waɗansu suka haƙa ganuwa a kan tuddai, wadda har yau ana ganin gurbinta a cikin ciyawa. Wajibi ne marubuci Musulmi ya faɗi wannan a sarari, kada ya lulluɓe shi, domin farautar bayi don neman dukiya dabam take da kira zuwa ga addini, kuma malaman jihadin da kansu, musamman Malam Abdullahi na Gwandu, sun koka tun da wuri a kan yadda son duniya ya shiga cikin jama'a ya gurɓata niyya. Wanda bai san wannan babi ba, ba zai gane dalilin da ya sa rigimar gona guda a tsaunin nan takan tashi da zafin da ya fi ƙarfin gonar ba.

A bayan mahaya kuwa, wani lokaci ma a gabansu, akwai fatake. Hausawa sun san wannan yanki tun ƙarni na goma sha tara, saboda abu biyu da suke nema, haurin giwa da goro. Goron ƙasar Banso da maƙwabtanta ba irin na Gwanja ba ne, amma yana da kasuwa a Adamawa da Barno, ayari kuwa yakan ɗauko shi a kan 'yan alaro da jakuna, ya bi ta Banyo ko ta gefen tsaunin ya sauka Gashaka, ya nufi Yola, ya komo da tufafi da kanwa da gishiri da duwatsun ado. Duk inda ayari ya saba yada zango, a nan unguwar Hausawa take tsirowa, da masallacinta da mahaucinta da malamin allo, kuma ta haka ne Musulunci ya sami shiga zukatan da takobi bai buɗe ba. Ɗaya daga cikin madugan wannan hanya ta Adamawa, Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, shi ne ya yi wa Bajamushen nan Flegel jagora, har ya bi shi Berlin a 1884, a daidai shekarar da manyan ƙasashen Turai suka zauna a wannan birni domin shirya yadda za su raba Afirka. Madugun ya nuna hanya bisa amana irin ta fatake, bai kuwa san cewa hanyar da ya nuna za a datse ta gida-gida ba.

Ingila da Jamus suka raba Adamawa a kan takarda, Yola ta faɗa hannun Ingilishi a 1901, Banyo kuwa da Gashaka da Mambila suka zama rabon Jamus. A 1902 Jamusawa suka shiga Banyo, inda aka kashe hafsansu Nolte, aka kuma kashe Lamiɗo Umaru a rana guda. Mulkinsu bai daɗe ba. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, sojan Ingila daga Nijeriya ƙarƙashin Janar Cunliffe suka bi su har dutsen Banyo, inda Jamusawan suka yi kafi a ƙololuwa suna mirgino duwatsu a kan masu hawa, aka yi kwana uku ana gwabzawa a watan Nuwamba 1915 kafin dutsen ya faɗi. Sojan da suka hau shi kuwa galibinsu 'yan Arewa ne, da Hausa ake ba su umarni. Bayan yaƙi sai Ingila da Faransa suka sake rabo, aka sa hannu a yarjejeniyar Milner da Simon a 1919, kuma wannan rabo shi ne ya yanke wa tsaunin hukunci, domin Banyo ta tafi wajen Faransa, Gashaka da mafi yawan Mambila suka zauna wajen Ingila, waɗansu ƙauyukan Mambilawa, irin su Somie da ke gindin tsaunin ta kudu, suka rage a wancan gefe. Garin da ya mallaki tsaunin da ƙarfi, wanda kuma shi ne kasuwarsa mafi kusa, ya faɗa cikin wata ƙasa mai wani harshen mulki da wani kuɗi.

Ingilishi ba su riƙe wurin a matsayin mallakarsu ba, riƙon amana aka ba su, da fari daga ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani a 1922, daga baya daga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946, amma a aikace sai suka haɗa shi da Lardin Adamawa, suka sa shi ƙarƙashin hakimin Gashaka da En'e ta Yola. Di'o yakan hau rangadi jefi-jefi, a ƙafa ko a kan doki, da 'yan alaro a bayansa, ya ƙirga kawuna ya sauka. Abin da ya fi jan hankalin hukuma shi ne ciyawa. Tsaunin ba shi da ƙudan tsando, saboda haka shanu ba sa kamuwa da sammore, ruwa kuma yana sauka wata bakwai ko fiye, don haka Fulani makiyaya suka fara hawowa da garkunansu, kaɗan-kaɗan da fari, sa'an nan da yawa ƙwarai daga shekarun 1940, hukuma tana maraba da su domin jangali ya fi harajin manoma kawo kuɗi cikin baitulmali. Aka bar wa shanu kan tuddai, aka bar wa manoma kwaruruka, a lokacin da mutane ba su da yawa, ƙasa kuwa tana da yalwa, ba a kuwa yi tanadin ranar da mutane da shanu za su ninka ba. A wannan zamani ne kuma 'yan mishan na Baftis suka shigo ta kudu, daga ƙasar Bamenda, suka zauna a Warwar da makaranta da magani, mutanen Kaka da Panso da Kambu su ma suka yi ta hawowa daga can neman gona da ciniki.

Sa'an nan aka zo kan mas'alar da ta fi kowace girma a tarihin wurin. Da 'yancin Nijeriya ya gabato, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutanen Kamaru ta Arewa, wato yankin riƙon amanar da tsaunin yake ciki, abin da suke so, aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba 1959, kowa a Kaduna yana zaton za su zaɓi zama cikin Jihar Arewa, sai ga shi mafi yawansu sun ce a jinkirta. Ba ƙin Nijeriya ne ya sa su ba. Mulkin hakiman da ake turo musu daga Yola da Dikwa ne ya ishe su, suka sami kafar faɗa suka faɗa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya fahimci saƙon, kuma a ganina wannan yana cikin manyan alamun basirarsa, domin bai tsaya zargin jama'a ba, sai aka gyara tsarin mulki, aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa En'e-En'e nasa na kansa, ciki har da ta Gashaka da Mambila, aka kuma yi alkawarin cewa in sun shigo za su zama lardi mai cin gashin kansa. A watan Fabrairu 1961 aka sake ƙuri'a, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka sa masa suna Lardin Sardauna, hedkwata a Mubi, Shugaba Ahidjo na Kamaru kuwa ya mai da ranar ta makoki a ƙasarsa. Kamaru ta Kudu, wato su Bamenda da Banso, ta zaɓi ɗaya ɓangaren, ta tafi a watan Oktoba na shekarar, da haka ƙofar kudu ita ma ta zama iyakar ƙasa da ƙasa, kamar yadda ta gabas ta zama tun 1919.

Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin sauran 'yan Nijeriya an haɗa su ne ba da shawararsu ba, a 1914, amma mutanen Gembu da Mubi da Ganye da Gwoza da Bama tambayarsu aka yi, suka sa hannu suka jefa ƙuri'a. Wanda ya shigo gida bisa alkawari yana da haƙƙi na musamman a kan masu gida. Lardin kansa bai yi tsawon rai ba, ya shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sa'an nan mafi yawansa ya shiga Gongola a 1976, sa'an nan aka raba shi a 1991 lokacin da aka ƙirƙiro Taraba, sunan Sardauna kuwa ya rage a kan ƙaramar hukumar da Gembu take shugabanta.

Gembu na yau gari ne mai rufin kwano a kan gangare, mai jar ƙasa wadda take zama taɓo da damina, ƙura da rani, akwai fadar Sarkin Mambila, da sakateriya, da asibitoci da makarantu, da masallatai da majami'u kusa da juna, sau da yawa ma gida ɗaya akwai mai zuwa nan akwai mai zuwa can. A kasuwa Fulatanci ne harshen da ya haɗa kowa, gadon zamanin Banyo, Hausa tana biye da shi tana ƙara ƙarfi kowace shekara, ana kuma jin Turancin buroka a bakin waɗanda suka fito daga kudu. Ana sayar da masara da wake da dankalin Turawa da gwaza, da piya da ayaba masu arha har su ruɓe in mota ba ta samu ba, da zuma da man shanu da kindirmo, da katakon turare wanda manyan motoci suke saukowa da shi, shanu kuwa daga Nguroje da Mayo Ndaga da Dorofi ake lodinsu zuwa kudancin ƙasar. A Kakara akwai gonar shayi da masana'antarsa, wadda aka fara tun shekarun 1970, inda ake yin ganyen Highland Tea, kuma babu wani wuri a Nijeriya da ake noman shayi haka. An gwada gahawa ma ta karɓa, sai dai rashin mai saye na kirki ya karya gwiwar manoma da yawa.

Wanda yake son ya san halin hanyoyin ƙauyuka, ya dubi motocin da suke bin su: tsofaffin Land Rover ne, waɗanda a wani wuri da tuni an kai su bola, makanikan Gembu suna ta yi musu dabara suna tashi, a cika su da buhuna da mutane har bisa rufi, inda suka kasa kuwa sai babur, inda babur ya kasa sai doki ko ƙafa. Mutanen Mbamnga da na ƙauyukan ƙetaren Donga sun shekara da shekaru suna haye kogin a kwalekwale, da kayansu da marasa lafiyarsu, kuma in ya cika da damina sai a jira shi. Iyakar kanta ba ta hana zumunci ba. Ana zuwa biki da jana'iza a ƙetare, ana cin kasuwa da naira da sefa, man fetur yana fita, waɗansu kaya suna shigowa, jami'an kwastan da na shige da fice suna tsare 'yan hanyoyin da aka sani, ƙafa kuwa tana bin waɗanda kakanni suka sani. Abin da iyakar ta hana shi ne babban ciniki na fili, mai titi da gada da sito, irin wanda yake raya gari, domin kowace gwamnati tana ganin wurin a matsayin bayan gidanta. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba 2002, wanda jama'a suka fi sani saboda Bakasi, ya shafi wannan yanki shi ma, ya tabbatar da layin da Turawa suka shata, ma'aikatan ƙasashen biyu suka bi duwatsu suna kafa turaku.

Mas'alar ƙasa kuwa tana nan ba a warware ba, ita ce kuma ciwon da ya fi cin tsaunin. Jama'a ta ƙaru, kwarurukan da aka bar wa manoma sun cika, shanu sun yi wa tuddai yawa har ciyawa mai kyau ta ja baya, zaizaya ta tsattsaga gangare. Sa'an nan bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 masu hali da masu mulki, waɗansu ma ba mazauna wurin ba, suka sami takardun mallakar filaye masu faɗi suka kewaye su da waya. Saurayi Bamambile yana duban tudun da kakansa ya noma ya ga an kewaye, Bafulatanin da aka haifi ubansa a wurin, wanda ya biya jangali shekara da shekaru, yana jin ana kiransa baƙo, kowannensu yana da hujja, 'yan siyasa kuwa suna da amfani da fushin duka biyun. A farkon 2002 fitina ta tashi, aka yi hasarar rayuka, dubban Fulani suka tsere Kamaru da abin da ya rage na shanunsu, sai bayan shekaru hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka komo da su. A watan Yuni 2017 aka sake wata, wadda ta ci mutane da dabbobi masu yawa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya hana maimaituwa. An kafa kwamitoci, an yi zaman sulhu, amma sulhun da bai taɓa rabon ƙasa da adalci ba, jinkirta fitina kawai yake yi. Ba a daɗe ba kuma sai gudun hijirar ya juyo, domin da yaƙi ya ɓarke a yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru daga 2017, mutanen can suka hauro ta hanyoyin goro na da, suka sauka a Gembu da ƙauyukanta, talakawan da ba su da yalwa suka ba su ɗaki da gona, waɗansu saboda dangantaka, waɗansu saboda sun san ɗacin abin.

Saura maganar lantarki. Fiye da shekara arba'in ke nan ana ambaton madatsar ruwa ta Mambila a kan Donga, kowace gwamnati ta zo sai ta sabunta alkawari, har a 2017 aka sa hannu da kamfanonin Sin a kan aikin megawat 3,050, na kuɗi kimanin dala biliyan 5.8, wanda da an yi shi da ya zama mafi girma a ƙasar. Shari'a a kan tsohuwar kwangila ta kai har gaban masu sulhu a Faris, aikin ya tsaya a takarda. Ana lissafin hasken da ruwan Donga zai kai Abuja da Kano da Legas, ba a cika tambayar ƙauyuka nawa ne ruwan zai ci ba, ko ina za a mai da manoman da kwarin kaɗai ya rage musu, alhali wannan tambaya ita ce ta farko a wurin da tuni ake zub da jini a kan gona. Wutar da aka gani da ido a tsaunin ita ce ta wata 'yar ƙaramar madatsa ta Tunga kusa da Kakara, mai kilowat 400, wadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka taimaka aka gina bayan komowar 'yan gudun hijira, tana juya injinan shayi, tana haskaka gidajen da ke kusa, sauran jama'a kuwa suna ta fama da janareto da faifan hasken rana, kowa gwargwadon ƙarfin aljihunsa.